Tun da na yi mura hancina ya daina jin ƙamshi, akwai wanda nasa ya dawo?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, kuma duk wanda abin nan ya taɓa samu ya daure ya yi magana. A hunturun bara na yi wata mura mai zafi, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, har sai da ta kwantar da ni. Murar ta tafi, majina ta tsaya, hanci ya buɗe ina numfashi lafiya lau, amma jin ƙamshi bai dawo ba. Da yawanku kun san sana'ata, turaren wuta da humra nake haɗawa a nan Gwammaja. Da can in aka kawo mini sandal ko farce daga Kurmi, ina kwance bakin leda zan gaya miki ko mai kyau ne ko an yi masa gauraye. Yanzu sai in tura hancina cikin kwalbar humra in ja, shiru. 'Yata nake kira ta shinshina mini kafin in sallami kayan amarya, ita kuma yarinya ce, duk abin da ta ji sai ta ce ya yi daɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na kwanan nan ne. Ya fara dawowa, amma a karkace. In ana soya albasa ɗoyi nake ji, naman miya ƙauri yake mini, man goge baki ma da ƙyar nake iya sa shi. Wani lokacin cikin dare sai in farka ina jin warin hayaƙi, in zagaye gidan kaf babu abin da ke ci da wuta. Na rame, abinci ya fita raina. Maigidan ya ce in cire abin a raina tunda ba ciwo nake ji ba. Akwai wanda nasa ya dawo daidai bayan ya daɗe haka? Me kuka yi?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, sannu Maman Hanifa. Shi ya sa na ga kin yi shiru da tallan kaya. Kin gwada siracen tazargade da ganyen darbejiya? Mu shi muke yi a gida in mura ta toshe hanci.

Maman Hanifa:
Anti na yi sirace har na gaji. Hancin ai ba a toshe yake ba, iska na wucewa. Jin ne babu.

Hajiya Babba:
'Yata, ni fa ba na son ɓoye gaskiya. Mace mai sana'a irin taki, kasuwarki ta buɗe, amare na layi a ƙofarki, sai kawai hancin da kike cin abinci da shi ya ɗauke? Kuma kina jin hayaƙi da tsakar dare babu wuta? Ki tashi tsaye da addu'a, ki nemi a yi miki ruƙiyya. Ki samu man tafarnuwa da na habbatus sauda ki riƙa ɗigawa a hancin safe da yamma. Ba kowa ke son ganin ci gabanki ba.

Ummu Khalil:
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma wallahi abin da ya same ta shi ya same ni sak a 2021, kuma ni ba na sayar da ko tsinke. An gwada ni aka ce korona ce. Lokacin ina da ɗanyen goyo. Yaro zai ɓata jikinsa ina goye da shi ban sani ba, sai ƙanwar mijina ta ce "Anti ba ki ji ba ne?" Har cinyoyinsa suka yi ja saboda daɗewa ban canja masa ba. Ƙamshin nan na kan jariri da kowace uwa ta sani, ni ban samu na Khalil ba, kuma har yau abin yana mini ciwo. Ga tsoron kada in shiga cikin mutane ina wari ban sani ba, wanka nake ta yi ina fesa turare har mutane su ce ya yi yawa. Maman Hanifa, nawa ya dawo. Ya ɗauki fiye da shekara, kuma sai da ya bi ta wannan hanyar ta ɗoyi da kike ciki yanzu.

Abban Sadiq:
An fara. Komai aka ce korona. Mu dai tun muna yara ake mura a garin nan, hunturu ya zo a yi tari a yi atishawa a warke. Korona ta Turawa ce da masu yawon jirgi.

Malama Rabi:
Haba Abban Sadiq. A Kano kake cikin watan Afrilun 2020 ko tafiya ka yi? Ranar 11 ga watan aka tabbatar da mutum na farko a jihar nan, aka rufe gari, azumi ya same mu a kulle. Dattawa nawa muka rasa cikin 'yan makonni? Ka tambayi masu haƙan kabari. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, da bakinsa ya ce cikin mutum 979 da aka ƙirga sun rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da alaƙa da cutar. Ni kawuna yana ciki. Don Allah a bar wannan maganar.

Abban Sadiq:
Allah ya jiƙansa Malama. Amma ita wannan baiwar Allah bara ta yi murarta, kuma ba ta ce an gwada ta ba. Ta ina aka san korona ce?

Baban Iman (likita):
Assalamu alaikum. An turo mini maganar nan ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Abban Sadiq, tambayarka ta ƙarshe tana kan hanya, kuma amsarta ita ce ba sai korona ba. Tun kafin a san da ita likitocin hanci suna ganin masu wannan matsala bayan mura mai zafi, musamman mata da suka fara manyanta. Ƙwayoyin bairos na infuluwenza da na mura ta yau da kullum duk suna iya yi. Korona dai ta jawo abin ya sami miliyoyin mutane a lokaci guda, shi ya sa duniya ta waiwayo. Don haka ko wace ce ta kama Maman Hanifa, hanyar kula da ita ɗaya ce.

Bari in yi bayanin abin da ke faruwa, don in mutum ya gane yakan rage fargaba. A can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wata 'yar shimfiɗa da jijiyoyin jin ƙamshi suke zaune. Kowace jijiya tana da irin sinadarin da take kamawa, kuma ɗan Adam yana da masu kama ƙamshi iri kusan 400. Daga nan suke ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji su kai saƙo ƙwaƙwalwa. A kewayensu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu riƙe su da ciyar da su. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna cewa waɗannan masu riƙon ne suke da ƙofar da korona ke shiga, ba jijiyoyin kansu ba. In masu riƙon suka lalace, wurin ya kumbura, sai jijiyoyin su daina aiki ko wasunsu su mutu. Shi ya sa za ka ga hanci a buɗe amma babu ji, kuma shi ya sa sirace bai yi mata komai ba.

Rahamar da Allah ya yi a nan ita ce, waɗannan jijiyoyin suna daga cikin kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa har tsufa. Sai dai a hankali suke yi.

Maman Hanifa:
Likita Allah ya saka da alheri. To in suna tsirowa, me ya sa albasa take mini ɗoyi? Ni na ɗauka ƙara lalacewa yake yi.

Baban Iman (likita):
A'a Hajiya, yawanci alama ce ta cewa aikin gyara ya kankama. Kin san in mai gyaran wuta yana sake jan waya a gida bai gama ba, wani layin ya haɗu wani bai haɗu ba, wani ma an sa shi inda ba wurinsa ba, sai ki danna makunnin falo ƙwan ɗaki ya kama. To ƙamshin soyayyar albasa ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne masu yawa da jijiyoyi daban-daban suke kamawa a tare, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta ce albasa ce. In rabinsu ne kawai suka dawo aiki, saƙon da ke isa bai cika ba, ƙwaƙwalwa kuma in ta rasa gane abu ta fi saurin fassara shi da ruɓa ko ƙonewa. A 2022 wasu masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun gano cewa akwai wasu sinadarai masu ƙarfin gaske da ke fitowa in an gasa abu ko an soya shi, da yawansu masu ɗauke da farar wuta, su suka fi tayar da wannan ɗoyin. Shi ya sa kusan kowa abu ɗaya yake kuka da shi: albasa, tafarnuwa, gasasshen nama, ƙwai, kofi, man goge baki. Yakan ɓullo ne watanni bayan murar, daidai yadda kika faɗa.

Hayaƙin da kike ji da dare shi ma daga nan yake. Jijiyar da ta ji rauni tana iya aika saƙo ba tare da ta kama komai ba, kuma warin hayaƙi ko ƙauri shi ne mutane suka fi ambata.

Hajiya Babba:
To likita, ku dai komai kuna da bayaninsa. Amma ai ba ka ce babu sammu a duniya ba.

Malam Abu Huzaifa:
Hajiya, babu mai musun abin da ya tabbata a addini. Ta yi azkar ɗinta, ta yi wa kanta tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, wannan alheri ne ko da lafiyarta ƙalau. Abin da nake jin tsoro shi ne zato. Da zarar an ce hannu aka sa mata, gobe za ta fara kallon maƙwabciyarta mai sayar da humra da wani ido, zumunci ya ɓaci a kan abin da mura ta jawo. Ga Ummu Khalil nan ta faɗi nata, ga likita ya kawo dalili. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A haɗa addu'a da asibiti.

Baban Iman (likita):
Na gode Malam. Hajiya Babba, da girmamawa, abu ɗaya nake roƙo a janye, ɗiga man tafarnuwa a hanci. Tafarnuwa tana ƙona fata, balle wurin da yake da rauni yana ƙoƙarin warkewa. Haka shaƙa garin magani, ko tura kai cikin hayaƙi mai kauri. Ko a Amurka an taɓa sayar da wani maganin mura mai sinadarin zink da ake shafawa cikin hanci, sai a 2009 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a su daina, saboda mutane da dama sun rasa jin ƙamshi ta dalilinsa. Wurin nan ba ya son wasa.

Alhaji Mai Tsire:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan amma wannan tawa ce. A Kurna nake da tukuba, sana'ar da na gada. Bayan wata mura da na yi lokacin kullen nan, sai na wayi gari ina tsaye a kan wuta, nama yana ɗigar da mai, ƙuli yana soyuwa, ban ji komai ba. Wannan ma da sauƙi. Da ya juye, wallahi naman da nake gasawa warin taya mai ci da wuta yake mini. Sai in ɗaure hanci da rawani in yi aiki, in koma gefe in yi amai. Ban gaya wa kowa ba, don in aka ji mai tsire yana cewa namansa na masa wari, wa zai sake saya? Yarona na sa a kan wuta, ni na koma yanka da karɓar kuɗi.

Abin da ya riƙe ni fura da nono ne, da farar shinkafa da ɗanyen mai da gishiri, da ɗanwake ba soyayyar albasa. Na lura abinci in ya huce bai cika tayar mini ba, mai tururi shi ne bala'i. Dafaffen nama mai sanyi ina iya ci, gasasshe ba dama. Hajiya ki gwada haka, kada ki zauna da yunwa.

Nawa bai dawo rana ɗaya ba. Lemon zaƙi na fara ji daidai in ana ɓare shi, sai citta, sai sabulu. Nama shi ne na ƙarshe, sai cikin shekara ta biyu. Yanzu alhamdu lillahi ina gane tsire ya nuna da hancina kamar da, illa ƙwai da har yau ba mu shirya ba.

Maman Hanifa:
Alhaji wallahi ka sa ni hawaye. Ko maigidan ban iya yi masa bayanin da ka yi ba. Allah ya ƙara buɗi.

Mai Kemis Sheka:
Hajiya kada ki wahalar da kanki. Akwai wanda ya zo wurina da irin wannan, na ba shi firednisolon, ƙwayar nan mai rage kumburi, na mako biyu da maganin ɗigawa a hanci, kafin ya gama ya dawo yana godiya. Ki aiko a karɓa.

Baban Iman (likita):
Ɗan uwa, na yarda ka ga wanda ya ji sauƙi, amma ina kyautata zaton matsalarsa daban ce. Akwai wanda ƙamshinsa ke ɗaukewa saboda hanya ta toshe, ko tsiron nama a cikin hanci, ko kumburin da ƙurar hunturu ke tayarwa. Irin wannan in ya sha firednisolon kumburin zai sace, ya ji ƙamshi, in ya daina kuma sau da yawa ya koma. Wanda jijiyarsa ce ta taɓu watanni da suka wuce, babu hujja mai ƙarfi cewa ƙwayar tana dawo da ita. Ga shi tana tayar da suga da hawan jini, tana taɓa gyambon ciki. Ka san Hajiya tana da ɗaya daga cikinsu ko ba ta da shi? Shi kuma maganin ɗigawa mai buɗe hanci irin su Otrivin, in ya wuce mako guda ana sa shi, hancin yakan saba, ya riƙa toshewa da zarar an daina.

Mai Kemis Sheka:
To likita mu me za mu ce wa mutum in ya zo? Mu ce ya je ya yi haƙuri? Ganin likitan hanci a garin nan sai ka yi sammako ka wuni a layi, wani kuma ba shi da kuɗin katin ma.

Baban Iman (likita):
Wannan gaskiya ne, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun yi mana kaɗan. Amma akwai abin da za ka koya wa mutum wanda bai kai kuɗin firednisolon ɗin ba, kuma shi ne abin da aka fi samun hujja a kansa zuwa yanzu, wato horar da hanci. Wani farfesa a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, shi da abokan aikinsa suka wallafa shi a 2009, shekara goma kafin korona. Sun sa marasa lafiya suna shinshina abu huɗu sau biyu a rana har mako 12: wardi, lemon tsami, kanumfari, da man bishiyar turare, wannan dogayen da ake shukawa a bakin hanya da makarantu. Waɗanda suka yi sun fi waɗanda ba su yi ba samun sauƙi.

Maman Hanifa ke kam kayan aikin suna ɗakinki. Ki samu ƙananan kwalabe huɗu masu murfi waɗanda ba a taɓa zuba turare a ciki ba. Ɗaya ki daka kanumfari ki zuba. Ɗaya ki kankare bawon lemon tsami, shi sai kina sabuntawa don yana saurin bushewa. Ɗaya ki ɗiga turaren wardi a auduga. Ɗaya ki murje ganyen bishiyar turare ko ki ɗiga mansa. Ki zauna inda babu hayaniya, ki buɗe ɗaya, ki riƙa ja a hankali kamar daƙiƙa 20, ba jan ƙarfi har cikin ƙirji ba, 'yan gajerun shinshine. Lokacin da kike yi ki kawo ƙamshin abin a ranki yadda kika san shi da, wannan ɓangaren yana da muhimmanci don ƙwaƙwalwa ake koya wa. Ki rufe, ki ɗan huta, ki ɗauki na gaba. Safe da yamma.

Wata uku shi ne mafi ƙaranci, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna wanda ya zarce ya fi amfana, haka wanda yake canja kayan bayan kowane wata uku. Zagaye na biyu sai ki koma kirfa, citta, na'ana'a, kajiji. In wani ya yi miki ɗoyin da ba za ki iya jurewa ba, ki ajiye shi ki sa wani. Ki samu ɗan littafi, duk Juma'a ki rubuta wanne kika ji, wanne ya zo a karkace, wanne shiru. Sauƙin yana zuwa a hankali ƙwarai, in ba a rubuce ba sai ki ɗauka babu abin da ya canja ki watsar.

Ba zan ce miki tabbas zai dawo da komai ba. Yana ƙara damar warkewa ne, kuma ba ya cutarwa.

Anti Bilki:
Likita ba za ta yi da turaren wutarta ba kawai? Ai ya fi duk waɗannan ƙarfi. Ni ma da na yi mura Robb na riƙa shaƙa kuma ina jinsa sarai.

Baban Iman (likita):
Ɗanyen haɗin a kwalba za ta iya sa shi a zagaye na gaba, har ma ya fi don ta san shi ciki da waje. Hayaƙinsa ne ba na so, in tana gwada kaya a kasko ta yi a tsakar gida. Shi kuma Robb, sanyin nan da yake ratsa hanci wata jijiya ce daban take jinsa, ita ce dai mai jin zafin barkono da yajin albasa a ido. Mutum zai iya rasa ƙamshi gaba ɗaya ya ci gaba da jin wannan. Haka harshe, yana nan yana jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci. Abin da ke bambanta miyar kuka da ta kuɓewa a baki yawancinsa ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin tauna. Shi ya sa mai wannan lalura yake ta ƙara gishiri da magi yana neman daɗin da ba a nan ya ɓace ba. Mai hawan jini ya kula da wannan sosai. Gara a ƙara lemon tsami ko yaji.

Malama Rabi:
Likita mutum nawa ne nasu ke dawowa? Ƙanwata ma tana ciki, kullum tambayarta kenan.

Baban Iman (likita):
A 2022 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta tattara bincike da dama a kan masu korona. Kusan kashi 74 cikin 100 sun ce nasu ya dawo cikin wata guda, kusan kashi 96 cikin wata shida. Kimanin kashi 5 ne abin ya zarce musu, kuma mata sun fi maza jinkirin warkewa. Waɗannan da ya zarce musu, a ƙarshen 2022 masu bincike a Jami'ar Duke sun ɗebi tsokar saman hancin wasunsu suka duba. Ba su tarar da ƙwayar cutar ba, ta riga ta tafi, amma sojojin garkuwar jiki suna nan a wurin suna ta tayar da kumburi, jijiyoyin kuma sun ragu. A Italiya an bi wasu har shekara uku, aka ga ana ci gaba da samun sauƙi a shekara ta biyu da ta uku, kamar dai labarin Alhaji. Don haka wanda ya shekara bai kamata ya yanke ƙauna ba. Akwai kaɗan da ba ya dawo musu duka, wannan ma gaskiya ce.

Duk wanda ya wuce wata uku ya daure a leƙa hancinsa da na'ura ko sau ɗaya ne, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda kuma hancinsa ɓangare ɗaya ne ya toshe, ko yana haɓo, ko ciwon kai mai tsanani, ko idonsa ya canja, ko ƙamshin ya ɗauke bayan ya bugu a ka a hatsarin babur, ko ya tafi haka kawai babu mura musamman ga dattijo, wannan kada ya tsaya horar da hanci a gida, ya je da wuri.

Ummu Khalil:
A ƙara da maganar gas don Allah. Ni Allah ne ya tsare, maƙwabciyata ce ta shigo ta ce kicin ɗina yana warin gas, ina tsaye a ciki da ashana a hannu. Tun daga ranar nake kwaɓa ruwan omo in shafa a bakin tukunyar da jikin tiyo, in ya yi kumfa yana tashi to akwai yoyo. Ina gama girki nake rufewa daga kan tukunyar, taga kuma a buɗe. Akwai 'yar na'ura mai ƙara in ta ji gas, wanda yake da hali ya saya. Sai miyar da ta kwana, da yadda wutar nan take firji ba abin dogaro ba ne, a ba wani ya shinshina kafin a zuba wa yara. Kuma Maman Hanifa, duk da likita ya ce hayaƙin dare daga jijiya ne, in kin ji ki tashi wani ya duba, kada wata rana ya zama na gaske.

Abban Sadiq:
Wannan ta gas ɗin kam kowa ya ɗauka. Maman Hanifa ki nuna wa maigidan bayanin Alhaji da na likita ya karanta da kansa, wani lokacin namiji sai ya ji daga bakin namiji.

Hajiya Babba:
Na janye man tafarnuwar tunda likita ya ce yana ƙuna. Ruƙiyya dai ban janye ba.

Malama Rabi:
Malam Abu Huzaifa, ƙanwata tana ramuwar azumi, kuma tana yin na Litinin da Alhamis. Shinshina kwalaben nan da rana zai taɓa azuminta?

Malam Abu Huzaifa:
Malamanmu na Malikiyya sun bambanta abu biyu. Hayaƙin turaren wuta in mutum ya shaƙe shi da gangan har ya kai maƙogwaro, sun ce sai ya rama, domin hayaƙi yana da jiki. Ƙamshin da ba hayaƙi ba, kamar na wardi ko kanumfari a kwalba, ba ya karya azumi. Ta kula dai kada garin kanumfarin ya tashi ya shige mata, ta daka shi ɓarzo-ɓarzo ko ta ɗaure a ƙyalle. In tana son fita daga kokwanto, tunda likita sau biyu ya ce, ta yi ɗaya lokacin sahur, ɗaya bayan ta sha ruwa.

Baban Iman (likita):
Hakan ya yi daidai, tazarar ma ta isa. In an ba ta ruwan gishiri na wanke hanci shi ma ta bar shi sai dare, kuma da ruwan da aka tafasa ya huce za ta haɗa, ba na rijiya ko na 'yan garuwa kai tsaye ba.